Wa ya ce gambara baƙuwa ce? Daga Tokiyo zuwa Gummi

Kwanakin baya, a wajen wani ɗaurin aure a Gummi, an shafa fatiha an koma zaure ana jiran abinci, sai wani ƙanena ɗan shekara goma sha tara ya matso ya ce, “Yaya, don Allah ka ɗan saurari wannan.” Waƙa ce da shi da abokinsa suka ɗauka da waya a kan wani kiɗa da suka sauko da shi daga intanet. Zancenta shi ne kwalekwalen nan da ya kife da manoma a gulbi cikin watan Satumbar 2024, gommai suka rasu. Muryar tana shaƙewa, kiɗan ya danne maganar, amma akwai baiti biyu ko uku da suka sa na ajiye kofin da ke hannuna. Ban kai ƙarshe ba wani kawunmu, babban ma'aikaci da ya zo daga Abuja, ya ɗaga hannu ya ce a kashe. “Wannan shirmen Amurka ne, ba al'adarmu ba ce.” Yaron ya ce, “To, Kawu,” ya sa wayar a aljihu ya fice. Da yamma muka raka kawun mota. Yana tayar da ita sai ga muryar Ɗanƙwairo ta cika titi.

Da wannan hukunci na kawu nake jayayya, domin ba nasa ne shi kaɗai ba. Hukuncin ajinmu ne, mu da muka yi boko, muke da albashi, muke zama a kwamitocin raya al'adu. Ina ganin hukuncin kuskure ne, kuma kuskuren yana jawo wa yammacin Zamfara asarar da ba mu lissafa ta.

Bari in ware wasu tun farko. Akwai waɗanda suke ganin kiɗa kowane iri haramun ne, na kotso da na kwamfuta. Gummi gari ne na malamai, shi ya haifi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, kuma masu wannan ra'ayi suna da hujjojinsu, suna kan matsaya guda ba su karkata. Ba da su nake ba. Da mutumin da yake jin Narambaɗa da safe, ya yi rawa da waƙar Rarara a taron siyasa da rana, sannan da dare ya tuna cewa kiɗa yana ɓata tarbiyya don ya ji ɗansa yana jera kalmomi a kan ganga ta zamani, da shi nake. Matsalar wannan mutum ba addini ba ce. Yana ganin abin baƙo ne, kuma baƙo ba ya zama ɗan gari.

To, mu je ƙasar da ta fi mu kishin al'ada, mu ga yadda baƙon ya ƙare.

An saba ƙirga haihuwar hip-hop daga wani biki da DJ Kool Herc, haifaffen Jamaika, ya yi kiɗa a unguwar Bronx ta birnin Niyok ranar 11 ga Agustan 1973. Shekara goma bayan nan, a 1983, aka nuna fim ɗin Wild Style a Tokiyo, 'yan wasansa kuma suka je da kansu. Samari suka fara taruwa ranar Lahadi a gefen lambun Yoyogi suna juyi a ƙasa kamar yadda suka gani. Cikin waɗanda suka kalli fim ɗin akwai wani matashi da ya sha faɗa daga baya cewa daga rayuwar daba ya fito ya je ya sayi na'urar juya faifai. Shi ne duniya ta sani da DJ Krush. Shekarun farko kwaikwayo ne tsagwaronsa. Har akwai samari da 'yan mata masu zuwa shagon gasa fata don su yi duhu, su yi kitso irin na baƙaƙen Amurka. Duk abin da kawu ya faɗa a zaure, dattawan Japan sun faɗe shi, kuma a lokacin suna da gaskiya fiye da shi.

Sun ma ƙara da hujjar da mu ba mu da ita: cewa harshen Japananci bai dace da wannan salo ba. Hujja ce mai ƙarfi. A harshensu aikatau ne ke zuwa ƙarshen jimla, kuma ƙarshen aikatau kala kaɗan ne, don haka in ka ce za ka yi amsa-amo sai ka yi ta maimaita sauti guda kamar mai karanta takardar ofis. Waƙarsu ta gargajiya ma ba ta damu da amsa-amo ba, ƙirgar gaɓoɓi take yi, biyar da bakwai da biyar. Kamfanonin faifai sun daɗe suna kallon abin a matsayin wasan yara.

Abin da samarin suka yi shi ne abin lura. Ba su koma Turanci ba. Harshensu suka tanƙwara. Ƙungiyar King Giddra, wadda ta fitar da kundinta na farko a 1995, ta shahara da juya jimla ta ƙare da suna maimakon aikatau, ta tono kalmomin da Japananci ya aro daga Sinanci don su yi amo da juna, sannan ta ɗora zancen ƙasar a kai: rashin aikin waɗanda suka gama makaranta, cin zalin ɗalibai, yaudarar kafofin watsa labarai. A gefe guda waƙar Da.Yo.Ne ta East End da Yuri, wadda ta fito a 1994, ta yi cinikin kwafi miliyan, 'yan kasuwa suka farga. Masu ganin kansu 'yan asali suka fusata da wannan sassauƙan salo, suka yi nasu gangamin a dandalin Hibiya ranar 7 ga Yulin 1996. Gardama ta ɓarke tsakaninsu kan wane ne na gaskiya, wane ne ɗan kwaikwayo, kuma wannan gardama ta cikin gida ce ta kori gasa fata da aron murya. Doka ba ta yi wannan aiki ba, ko da yake akwai ta: tun 1948 Japan ke da dokar da ta takura rawa cikin dare a gidajen shaƙatawa, sai a 2015 aka sassauta ta.

Wani masani Ba'amurke, Ian Condry, ya shafe shekaru yana bin ƙananan gidajen kiɗa na Tokiyo kafin ya fitar da littafinsa a 2006. Kalmar da ya ɗauko daga bakin mawaƙan ita ce genba, wato ainihin wurin da abu ke faruwa. A nan mawaƙi ke tsayawa gaban mutum ɗari da suka san unguwarsa, in ya yi ƙarya a yi masa ihu. A ganinsa a wannan wuri ne kayan waje ke zama na gida.

Ga inda abin ya kai. Jun Seba, wanda aka sani da Nujabes, ya haɗa tattausan kiɗan jaz da gangar hip-hop, aka sa a fim ɗin zane na Samurai Champloo a 2004. Ya rasu a haɗarin mota a 2010, amma sanyin kiɗan nan da ɗalibai ke sawa a kunne suna karatu daga Alƙahira har Zariya, shi ake kira ubansa. A 2024 mawaƙiyar Amurka Megan Thee Stallion ta gayyato Yuki Chiba ya yi baitinsa da Japananci a waƙarta Mamushi, a shekarar kuma Ami Yuasa ta ci zinariyar rawar bireki ta mata a gasar Olamfik ta Faris. Wanda ya ari riga ya dawo yana sayar wa mai rigar ɗinki.

Amma ba Tokiyo ce ta fi jan hankalina ba. Tha Blue Herb daga Sapporo suke, can arewa mai dusar ƙanƙara, kuma sun gina sunansu ne a kan ƙin yarda cewa sai mutum ya je babban birni zai zama wani abu. Shingo Nishinari sunan unguwarsa ya ɗauka, unguwar leburori da marasa galihu a Osaka, da karin harshen garinsu yake waƙa. Awich daga Okinawa take, tsibirin da sansanonin sojan Amurka suka cinye wani yanki nasa. Bad Hop yaran unguwar masana'antu ne a Kawasaki, inda hayaƙi ke turnuƙe sama, kuma sun yi wasansu na bankwana a babban filin Tokyo Dome a Fabrairun 2024. Kowannensu ya shiga da abin da babban birni ba shi da shi: wuri, da karin harshe, da ciwo.

Mu dawo gida da wannan ma'auni.

Matsalar da ta sha wa Japanawa kai shekara goma, mu an haife mu da maganinta. Rubutacciyar waƙar Hausa tun zamanin Shehu Usmanu da Nana Asma'u da ƙafiya take tafiya. Ta baka kuwa, duba taswirar ƙasar nan ta yamma ka ga abin da ta haifa: Ibrahim Narambaɗa na Tubali, Musa Ɗanƙwairo na Maradun, Sa'idu Faru, Salihu Jankiɗi, Kassu Zurmi, Ɗan Anace da ya mayar da Shago ɗan damben da ba ya mutuwa. Me mawaƙin hip-hop ke yi da waɗannan ba su yi ba? Yana wasa kansa ya ce babu kamarsa: rabin Bakandamiya kenan. Yana caccakar abokin hamayya: zambo. Yana jifa da magana ba tare da kama suna ba: habaici. Yana ambaton unguwarsa da mutanensa: kirari. Yana fito-na-fito da wani mawaƙi a gaban jama'a: duk wanda ya taɓa zama a filin dambe ya ga makaɗa biyu suna zuga 'yan wasansu ya san wannan. Sunan ma da 'yan jarida suka raɗa wa salon, gambarar zamani, daga kasuwanninmu aka ɗauko shi, daga 'yan gambara masu jera magana da sauri, da ban dariya, da batsar da kakanninmu suka jure suna ba su kuɗi.

Ba ina cewa daga Zamfara hip-hop ya samo asali ba. Wannan irin fariyar ce da muke yi mu kwanta barci. A Bronx aka haife shi, daga wahalar baƙaƙen Amurka da 'yan Karibiyan. Abin da nake cewa shi ne, a duniya babu wurare da yawa da baƙon nan zai sauka ya tarar da danginsa sun riga shi zama kamar nan.

Sai karin harshe. Narambaɗa da Ɗanƙwairo ba su yi Kananci don a fahimce su ba. Da Hausar yamma suka yi waƙa, da “wanga” da “shina” da “mi”, Bakano da Bazazzagi suka zauna suka koya, har jami'o'i suka buɗe darasi a kai. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da Farfesa Aliyu Muhammad Bunza sun cika shafuka da nazarinsu. Yau yaro daga Bukkuyum in ya tsaya gaban makirufo, abu na farko da yake yi shi ne ya wanke bakinsa daga Zamfarci, ya ari Hausar Kaduna gauraye da Turancin Legas. Wa ya koya masa jin kunyar bakinsa? Mu ne, da muke gyara wa 'ya'yanmu magana a Abuja muna cewa kada su yi ta ƙauye.

Batun ciwo kuwa, ina ma ba mu da shi. A 2010 likitocin MSF suka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, a 'Yargalma da Tungar Guru da Dareta da Abare da Sunke, daga baya Bagega. Farashin zinariya ya tashi, mutane suka riƙa kawo duwatsu cikin gida suna niƙawa da injin da ake niƙa hatsi, ƙurar dalma ta bi ƙasar tsakar gida inda yara ke rarrafe. Fiye da yara 400 suka rasu. Bagega ta jira har 2013 kafin a saki kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasarta, kuma sai da matasa suka tayar da ƙura a intanet. Waɗanda suka tsira daga gubar nan suna rarrafe, yau samari ne da 'yan mata, sa'annin ƙanena. A Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a jihar. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya, aka rufe kasuwannin mako. A farkon Janairun 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gwamnati ta ce mutum 58, mazauna suka ce sun kai 200. A daminar 2024 ruwa ya ci Gummi. Tsara guda ce ta ga duk wannan kafin ta kai shekara ashirin, kuma kusan duk abin da duniya ta sani game da ita daga rahoton ƙungiyoyin agaji ne, da Turanci, da alƙaluma. Mu 'yan jarida ma a nan muke kwafa. Ita kanta tsarar ba a ji ta bakinta ba, ranar da ɗaya daga cikinta ya gwada kuwa, cewa aka yi a kashe.

Na san abin da za a ce, kuma wani sashe nasa gaskiya ne. Yawancin abin da samarinmu ke fitarwa ba shi da kyau. Sarƙar roba a wuya, motar aro, yabon kodin da tiramol, zagin mata, alfahari da dalar da mai waƙar bai taɓa riƙewa ba. Ba zan kare wannan ba. Sai dai mu tuna Gambu ya shekara da shekaru yana yi wa ɓarayi waƙa kafin ya tuba, ba wanda ya ce a kan haka a fasa kalangu, yau ma a jami'a ake nazarinsa. Mummunar waƙa mai suka take buƙata, wanda ya san abin har zai iya cewa wannan baiti rago ne, wancan sata ce. Mutumin da ya ce a kashe tun kafin ya ji ba zai iya wannan aiki ba. DJ AB daga Kaduna, da ClassiQ da B.O.C Madaki daga Bauci, da Morell daga Barno sun riga sun nuna cewa Hausa tana hawa wannan kiɗa daram. Cikinmu nawa ne za su iya faɗin abin da ya bambanta salon ɗaya da na ɗaya, kamar yadda muke bambanta Jankiɗi da Ɗandawo?

Za a kuma ce Japan ƙasa ce mai arziki, mai wuta, mai kasuwar faifai, Anka kuwa hanyar zuwa ma sai da addu'a. Gaskiya ne. Amma Kaolack ta Sanagal ba Tokiyo ba ce, kuma daga can 'yan Keur Gui suka fito, suka haɗu da ɗan jarida Fadel Barro suka kafa Y'en a Marre a 2011, suka bi unguwanni suna sa matasa yankar katin zaɓe, a 2012 Abdoulaye Wade ya faɗi. A Yamai, nan maƙwabta, ƙungiyoyi irin su Lakal Kaney da Kaidan Gaskiya sun yi da Hausa da Zabarmanci tun ba a san wayar zamani ba. Genba ba gini ba ne. Namu yana nan: shagon cajin waya inda ake tura waƙa a memori, majalisar bakin titi, tashar mota, filin dambe bayan kaka.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta tsoro. A garin da ba ka san wa ke kai rahoto daji ba, yaron da ya kama sunan wani ƙasurgumi a waƙa yana wasa da ransa da na gidansu. Ba zan tura ɗan kowa wannan hanya ba. Amma ai don irin wannan rana aka yi habaici. Makaɗan fada sun rayu a gaban sarakunan da ke iya korar mutum daga ƙasa, suka faɗi abin da suke so da kura da biri da jemage, kowa ya gane, ba wanda ya iya kama su. Wannan fasaha gadon yaran nan ce, ba mu miƙa musu ba. Faifan Narambaɗa yana motarmu, su kuma mun bar su da abin da intanet ya jefo.

Hanawa ma mun gwada ta, ga sakamakonta a Kano. An ɗaure Adam A. Zango a 2007 kan kundinsa Bahaushiya. A 2009 kotu ta haramta waƙoƙi goma sha ɗaya, ciki har da Girgiza Kai ta Nazir Ahmad Hausawa, wato Ziriums, da Hasbunallahu ta Aminu Ala. Waƙoƙin suka bi waya zuwa waya, suka isa kunnen wanda da bai taɓa jin labarinsu ba. Abin da hanawa ke kashewa shi ne fili na sarari, inda babba zai ji ya gyara. Kuma filin da mutanen kirki suka tashi daga kai ba ya zama fayau. Yau mai biyan mawaƙi a Zamfara ɗan siyasa ne, shi ya sa kowace kakar zaɓe ake cika mu da waƙoƙin da ke mutuwa ranar rantsuwa. Ɗaya mai biyan yana daji: mun ji waƙoƙin yabon jagororin 'yan bindiga suna yawo a wayoyi, mun ga yaransu a TikTok suna baje kuɗin fansa. Su sun gane darajar mawaƙi. Mu da muka karanta aikin jarida da adabi da harhaɗa magunguna ne muke ganin abin wasa ne.

Abin da ake nema a wurinmu bai kai kuɗin ɗinkin biki ɗaya ba. Awa guda a mako a gidan rediyo, a sa waƙoƙin yaran ƙananan hukumomi, a zaunar da malamin Hausa da tsohon makaɗi su feɗe su ba sani ba sabo. Gasar baiti tsakanin makarantun sakandaren Anka da Gummi da Bukkuyum, da sharaɗi biyu: ba batsa, kuma da Hausar garinku. A kwashe tsofaffin kasa-kasan da ke ruɓewa a ɗakunan ajiya a mayar da su na kwamfuta, a yi yarjejeniya da iyalan makaɗan ta yadda in yaro ya yanki kiɗan kotso ya ɗora baiti, magada za su sami rabonsu. DJ Krush ya yi irin wannan a kundinsa Jaku na 2004, ya zauna da masu busa sarewar gora da masu kaɗa molon gargajiyar ƙasarsu, ba wanda ya ce ya ci amanar ko ɗaya daga cikin biyun.

Kafin in bar Gummi na nemi ƙanena, na same shi a shagon caji. Na ce ya sake ɗaukar waƙar, ya rage kiɗan, ya cire layukan Turancin nan huɗu da ba su ƙara komai ba, ya faɗe ta yadda zai faɗa wa Inna. Na ce akwai wani tsoho mai kalangu a bayan kasuwa, ya je ya gaishe shi, ya tambaye shi ko zai yarda a ɗauki hannunsa. Ya yi shiru yana juya wayar, sannan ya ce, “Yaya, in na yi da Hausarmu ai dariya za a yi mini.” Na tambaye shi su wa. Ya ce 'yan Gusau. Na tura masa kuɗin mota da na situdiyo, na ce in ya gama ya turo mini, ni zan kai wa Kawu da kaina.